Yadda Ɗan Baba Ya Zama Ɓarawo

In ka sauka Madarunfa ka tambayi gidan Ɗan Baba, za a tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa. Amma ka ce Ɗan Baba Ɓarawo, sai ka ga fuskar mutum ta saki, ya nuna maka hanyar tafki, ya ce zaure na uku bayan tsamiya. Shi Ɗan Baban nan kuwa, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa ɗaukar ko allurar da ba tasa ba.

Gidan wanzamai aka haife shi. Ubansa wanzami ne, kakansa wanzami, yayansa Inusa ma shi ya gaji zabira har ya zama sarkin askar unguwa. Ɗan Baba ne kawai Allah ya yi ba ya iya kallon jini. Yana ɗan shekara goma sha biyar aka tafi da shi gidan suna don ya fara koyon zane, aka ce ya riƙe jariri. Kafin jaririn ya yi kuka shi ya riga ya sheme a ƙasa. Mata suka bar mai jego suka koma yayyafa wa wanzami ruwa. Daga ranar uban ya sallame shi, ya ce ya je ya yi noma, gero ba ya zubar da jini.

Ya yi noman kuwa. Da rani sai ya bi wasu ma'aikatan gona da ke zagaya Safo da Gabi da Sarkin Yamma suna nuna wa manoma hotunan yadda ake adana wake. Shi ke ɗaukar musu akwatin majigi a amalanken jaki. Da aikin ya ƙare, ampul ɗin akwatin, wato ƙwan fitilarsa, ya riga ya ƙone, suka bar masa shi tun da ba shi da sauran amfani. Matarsa Ɗelu ta ce a ba ta ta riƙa ajiye daddawa a ciki. Ya hana.

Shekara biyu yana jagwalgwala akwatin nan kafin ya gano abin da ya gano. Ya huda bangon zaure ta yamma, rami kamar bakin tulu. Ya samo madubin wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, a tasha. In an riƙe madubin a waje aka karkato rana ta ramin, hasken ya bi ta idon akwatin ya faɗa kan bangon gabas, wanda ya shafe da farar ƙasa. Hotuna kuma da kansa yake yi. Ya sami fasasshen gilashi, ya kara shi a kan fitila har hayaƙi ya baƙanta shi, sannan ya ɗauko askar da ubansa ya bar masa, wadda ba ta taɓa shan jini a hannunsa ba, ya zana mutane da awaki da jiragen masunta. Duk inda aska ta bi, nan haske ke fita. Hannun wanzami dai yana nan, fuskar mutum ce kawai ya kasa.

Wanda ya yi yarinta a unguwar nan wajen 1990 ba zai manta da Alhamis ba. Ba makarantar allo, 'yan lakwal, wato makarantar boko, su ma sukan sulale. Da an sallame azahar yara sun cika zaure, a toshe ƙofa da tsohon bargo, zufa da warin man gyaɗa su gauraye, ba wanda ya damu. Kuɗin shiga gilashi ne. Wanda ya tsinto fasasshen taga ko na mota ya kawo, ya ci sinima wata guda shi da ƙannensa. Ɗelu ce ke riƙe madubi a waje, tana zaune a kan turmi, tana bin rana a hankali tana mita. Shekaru tana wannan aiki ba ta taɓa ganin abin da ake nunawa ba, sai dai ta ji ihu ta san an kama ɓarawo. Da damina in gajimare ya gitta, hoto ya ɗauke, sai yara su yi ta kiran "Inna Ɗelu, rana!" Ita kuma ta ce, "Ni na ɓoye ta cikin zanena? Ku jira mai ita."

Labaran gajeru ne, gilashi bakwai ko takwas, shi ke yin muryar kowa. Kuma kusan duk hanyarsu ɗaya. Ɓarawo ya saci kifi a tarun masunta, ko ya kwance akuyar tsohuwa. Ɗan Bagobiri ya bi shi ya kasa, ɗan Bakatsine ya kasa, ɗan Bafillatani da ɗan Babarbare suka kasa, sai da suka haɗa kai suka kama shi. Abin da ya fi burge yara shi ne zanen fuska. Ɗan Baba ya san na kowane gida, ba ya ƙara layi ba ya ragewa. Da fuska ta fito a bango, zube ko bille ko kalangu suna ƙyalli, sai wani ɓangaren zaure ya ɗauka, "Namu ne! Namu ne!" Shi a ransa yana koya musu zaman tare, kuma yana jin daɗin kansa ƙwarai a kan haka.

Ɓarawon ne ya ba shi wahala da farko. Ya yi masa zanen Gobirawa, wani mai sayar da goro ya zo har gida ya ce in bai goge ba za su haɗu gaban mai gari. Ya mayar da shi Babarbare, wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar zaure ta yi masa tatas tun hantsi. Da ya gaji sai ya bar fuskar ɓarawo sumul, ba layi ko ɗaya. Ba wanda ya sake kawo ƙara, don a unguwar nan a lokacin da wuya ka ga yaron da ba shi da ko 'yar shasshawa ɗaya a kumatu. Ya ɗauka ya yi dabara, har yakan ba da labarin a majalisa.

A 1993, bayan an cire amfanin gona, wata mota ta sauke mace da yarinya a ƙofar gidansa. Ɗansa na fari, Isma'ila, wanda ya tafi Abijan neman kuɗi shekara goma da suka wuce, ya rasu can. Wannan matarsa ce, Asma'u, mutuniyar can, ta gama takaba ta kawo wa dangin uba 'yarsu. Zahara'u sunan yarinyar, shekararta bakwai, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ɗan Baba bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba saboda kunya, kuma ranar ma bai kira ba. Ya dai kalli goshin yarinyar ya ga goshin yaron, ya tashi ya shiga bayan gida ya daɗe.

Kwana tara Asma'u ta yi. Ta ga fuskokin gidan, ta ga zabirar Inusa, hankalinta ya tashi. Ranar da za ta koma ta durƙusa gaban surukinta, direban mota yana fassara, ta ce abu ɗaya take roƙo. Ba ta san ranar da za ta sake samun halin zuwa ba, amma in ta zo tana so ta tarar da fuskar da ta bari.

"Hwaɗa mata na ɗauka," in ji Ɗan Baba. "In dai ina numfashi, aska ba ta taɓa ta."

Ya so yarinyar nan so mai tsanani. Yana kiranta amaryarsa, yana ɓoye mata ƙosai a hula. Don ya faranta mata, Alhamis ta farko ya zaunar da ita a gaba, kusa da bango. Aka nuna ɗan Bagobiri, aka yi ihu. Aka nuna ɗan Bakatsine, aka yi ihu. Zahara'u tana ta duba fuskokin bango tana shafa tata. Da aka zo gilashi na huɗu ɓarawo ya leƙo daga cikin ciyawar tafki, fuska sumul, sai wata yarinya a baya ta ce, "La, ga irin baƙuwa!" Zaure ya fashe da dariya. Zahara'u ba ta ji maganar ba, amma ta ga yatsun da ke nuna ta.

Kafin mako ya zagayo ba mai kiranta da sunanta. A rijiya ɓarauniya, a lakwal ɓarauniya. In ta matso wurin 'yan gaɗa sai kowace ta dafe ɗan kunnenta, wai kada a sace. Ba mugunta ce ta yi musu yawa ba, abin da aka koya musu shekara da shekaru suke karantawa. Kalmar Hausa ta farko da yarinyar ta riƙe da kyau bayan gaisuwa ita ce wannan. Ta daina fita. Ɗelu ta same ta wata rana a ɗaki da guntun madubi da gawayi, tana ja wa kanta layi a kumatu.

"Malam," in ji Ɗelu, "ni ban taɓa ganin sinimarka ba, amma yau na ga abin da ta yi. Tashi ka gani."

Bai gama haɗiye wannan ba sai ga Inusa da yamma, ya zauna a kan buzu ya ƙi shan ruwa.

"Ɗiyar ga ta zo wurina da ƙahwarta," in ji shi. "Ta nuna mini kumatunta, ta nuna zabira. Mi kake jira? Tamu ta, jinin gidan ga ta. A yi mata abin da anka yi wa ubanta ta huta."

"Yaya, na yi wa uwarta alkawari."

"Uwarta tana Abijan. Ita ke kwana da kukan? Kai ka ɓata, ni in gyara. Juma'a ta sama ina zuwa da safe, kahin rana ta yi zahi."

Inusa ba azzalumi ba ne, tausayin yarinyar ne ya kawo shi, kuma Ɗan Baba ya san haka. Ya kuma san in yarinyar da kanta ta miƙa fuska, yayansa ne babba a gidan, ba shi da bakin hanawa. Alhamis biyu suka rage masa.

Ya zauna kwana uku yana zana sabon labari. Wata yarinya mai fuska sumul tana wanki a bakin tafki, jariri ya rarrafa ya faɗa ruwa, ta yi tsalle ta ciro shi, gari ya taru yana sa mata albarka. Ya zana ta da kyau, har da 'yan kitson Zahara'u. Ya lallashi jikar tasa ta shigo, ta zauna can lungu. Gilashi na ɗaya, na biyu, lafiya. Da aka zo inda yarinyar ta rungumo jariri tana fitowa daga ruwa, tun bai buɗe baki ba yara suka miƙe tsaye.

"Ta sace jinjiri! Ku kama ta! Ɓarauniya ta sace jinjiri!"

Ya yi ta cewa ceto ta yi, ku saurara, ina, muryarsa ta nutse. Zahara'u ta ɗaga bargon ƙofa ta fice, haske ya shigo ya wanke hoton. Ranar bai ƙarasa labarin ba. Ya kori yara, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a zauren shi kaɗai. Baƙin ciki ya ishe shi, kuma ba kowa yake jin haushi ba sai kansa. Shekara nawa yana gaya musu mai wannan fuska ɓarawo ne, yanzu yana so su manta a yini ɗaya.

Ɗelu ta shigo da madubi a hannu ta jingine shi.

"Yara sai sun ga ɓarawo," ta ce. "In ba ka ba su wani ba, wanda suke da shi za su riƙe."

"Wa zan ba su? Kowa na zana, danginsa na ƙohwata."

"To, ka nemo marar dangi," in ji ta, ta wuce wurin tukunyarta.

Madubin da ta jingine yana kallonsa. A kumatun Ɗan Baba akwai zanen gidansu, uku uku, da bille ɗaya a hagu. Billen nan karkatacce ne, don ranar da aka yi masa ya yi atishawa hannun ubansa ya goce. Duk Madarunfa ba mai irinsa. Ya daɗe yana duban billen, sannan ya jawo fitila ya fara baƙanta gilashi.

Alhamis ta ƙarshe Zahara'u ta ce ba za ta shiga ba. Bai matsa mata ba, ya ce ta tsaya bakin bargo kawai, in ba ta so ta tafi. Labarin tsohon labari ne, an kwance akuyar tsohuwa. Sai dai wannan karon ɓarawon ya juya baya. Gilashi na biyu baya, na uku baya, yara suna ta ƙorafi a nuna musu fuska. Masu binsa su biyar ne, huɗun da aka saba da wata yarinya sumul a tsakiyarsu, amma hankalin kowa yana kan ƙeyar ɓarawo. Aka rutsa shi a gindin tsamiya. Ɗan Baba ya ɗauko gilashi na ƙarshe, ya zura shi.

Fuska ta cika bango. Uku uku, karkataccen bille, wushirya, har da hular da ke kansa a lokacin.

Yara suka dubi bango, suka juyo suka dubi mai akwati. Shi kuma ya ƙanƙance murya ya ce, "Wayyo, ku yi mini rai, yunwa ta sa ni!" ya kuma yi kukan akuya.

Abin da ya biyo baya Ɗelu ta ce ta ɗauka zauren ne ya rushe. "Ɗan Baba ɓarawo! Ɗan Baba ɓarawo!" Ya yi wuf ya fita ta ƙarƙashin bargo, ya tattare riga ya zura da gudu, dattijo mai furfura, yara fiye da talatin a bayansa. Ya bi ta gaban masu kifi, ya zagaya tsamiya, ya nufi bakin tafki. Nan take suka yi masa waƙa suna tafi. Da numfashinsa ya ƙare ya faɗi zaune a kan yashi, suka kewaye shi suna tsalle. Ya ɗaga kai yana haki, sai ya hango Zahara'u. Tana tsakiyarsu, wata yarinya ta riƙe mata hannu, bakinta a buɗe tana rera zagin kakanta da Hausa tsantsa, tana dariya har da hawaye. Tun da ta zo garin bai taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa, ya sake yin kukan akuya.

Washegari Inusa ya zo da zabira tun da sanyin safiya. Yarinyar ba ta gida, 'yan mata sun biyo mata sun tafi wanki tafki. Ya jira har rana ta take. Labarin jiya kuwa ya riga ya kai masa.

"Zanen ubanmu ka ɗora wa ɓarawo," ya ce. "Gaban ɗiyan mutane."

"Billen nawa na, Yaya. Ba wanda zai ce kai ne."

"Uku ukun fa? Na wa ne?"

Inusa ya rataya zabirarsa ya fita, kuma sai da aka yi sallar idi biyu kafin ya sake taka zauren.

Sunan kuwa ya zauna daram. Yara suka kai shi gida, iyaye suka ɗauka da wasa, baƙi suka ɗauka da gaske. Wata rana a kasuwar Maraɗi wani ɗan unguwarsu ya hango shi ya ƙwala masa kira da cikakken sunan, kafin a yi bayani ya sha mari biyu, an yaga masa aljihu. Wani mai neman auren ƙanwar Isma'ila ya janye da ya ji sunan surukin. Wannan ta yi masa ciwo, ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Duk da haka bai taɓa cewa a daina ba, kuma kowace Alhamis shi ne ɓarawo a bango. Ya saci kifi, ya saci kaza, ya saci takalmin liman. Sai dai bai ƙara gudu zuwa tafki ba, ya ce gwiwa ta ƙi.

Wajen 1996 wani ya buɗe gidan bidiyo kusa da tasha, da janareto da finafinan faɗa. Yara suka fara raguwa, daga talatin zuwa goma, daga goma zuwa 'yan ƙananan da ba a bari su je tasha. Ranar da ya ga mutum uku ne kawai a zaure, sai Zahara'u ta karɓi madubi ta ce Inna ta shiga ta gani. Ɗelu ta zauna ta kalli labarin daga farko har ƙarshe, ta fito tana goge ido da bakin zane, ta ce ashe wannan shirmen ta ƙona fuskarta a rana dominsa, kuma hancin da ya yi wa kansa ya fi na gaske kyau. Bayan wannan damina aka toshe ramin bango da laka saboda feshi, ba a sake buɗe shi ba.

Asma'u ta dawo a 1998. Ta sauka a tasha da jaka ɗaya da 'yar Hausar da ta koya wurin 'yan kasuwa. Zahara'u ta tarye ta, budurwa 'yar shekara goma sha biyu, da ƙawaye huɗu a bayanta suna rigimar ɗaukar jaka. Uwar ta sakar musu jakar. Ta kama fuskar da hannu biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta bi kumatun da babban yatsa, sannan ta fashe da kuka a tsakiyar tasha.

Suna isowa ƙofar gida, Ɗan Baba yana zaune a kan tabarma yana gyaran igiyar jaki, wasu yara suka wuce da tallan gyaɗa suka gaishe shi yadda aka saba.

"Ina wuni, Baba Ɓarawo?"

"Lahiya lau, ɗiyana. Ku riƙe farantinku da kyau."

Asma'u ta tsaya cak. Wannan kalma ta san ta. Ta jawo 'yarta gefe, ta rage murya, ta tambaye ta me tsohon ya sata.

Zahara'u ta dubi kakanta, shi kuma ya duƙufa kan igiya kamar bai ji ba.

"Bai saci komi ba, Inna," ta ce. "Sunan nawa ne. Ni aka sa wa, ya karɓe mini."

Ɗan Baba ya ce wa Ɗelu ta kawo wa baƙuwa ruwa, ya ci gaba da tufka igiyarsa, sai dai ya daɗe bai ɗago kai ba.